Sawakin, Tsohuwar Tashar Alhazan Ƙasa, da Abin da Ke Ƙarƙashin Ruwanta

Mutumin da aka haifa a Suleja, ya tashi yana wanka a rafin Iku, in tafiya ta yi tafiya ya je ya ga Gurara, iyakar abin da ya sani game da ruwa shi ne ba a ganin cikinsa. Da damina ja wur yake zuwa, ɗauke da laka da karmami, da rani kuwa ya janye ya bar duwatsu tsirara. In yaro ya yi nutso, ido rufe yake yi, da hannu yake laluben ƙasa. Saboda haka da wuya a shawo kansa ya yarda akwai ruwan da mutum zai kwanta a kansa rub da ciki, ya hangi tsakuwa a zurfin gaba biyar kamar tana cikin tafin hannunsa, kifaye suna kai da kawowa a ƙarƙashinsa ba su ko kula da shi ba.

To, akwai wannan ruwa, wurin da yake kuwa Hausawa sun daɗe da saninsa. Sunansa Sawakin, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Sudan, kimanin mil 36 kudu da Bur Sudan, garin da Turawa ke kira Port Sudan. A tsofaffin garuruwan ƙasar Hausa da wuya a rasa unguwar da ba a tuna wani kaka da ya yi hajjin ƙasa, kuma duk wanda ya saurari labarin irin waɗannan alhazai ya ji wannan suna. Daga Kano ko Maiduguri a bi ta Fort Lamy, watau Injamena ta yanzu, a wuce Abeshe, a shiga Darfur ta Jinaina da Alfashir, a kai El Obeid inda jirgin ƙasa ya iso tun wajen 1912. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a Jazira ko Kasala ko Tokar a yi ƙwadagon cirar auduga, shekara ɗaya, biyu, wani har goma, wani kuma ya zauna ke nan, kamar yadda jama'ar Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Wanda Allah ya nufa da ƙarasawa, Sawakin ce ƙarshen ƙasa a gare shi. Nan ne a zamanin mulkin Ingilishi ake tsare alhazai a yi musu lamba da allura, a duba takardunsu, sa'an nan a zuba su a jirgin ruwa zuwa Jidda, tafiyar mil 200 ko sama da haka kaɗan.

Dubban Hausawa sun zauna a wannan gaɓa suna jiran jirgi, idonsu na can gabas wajen alƙibla, hankalinsu na kan kuɗin jirgi da tsoron teku. Ba wanda zai ga laifinsu don ba su sunkuya sun leƙa cikin ruwan ba. Amma dai abin da ke cikin ruwan nan shi ya gina garin da suka kwana a ciki, shi ne kuma daga baya ya taimaka wajen kashe shi, kuma baƙon da ya samu rabin yini zai iya ganin duka biyun da ƙafarsa da idonsa, ba tare da ya hau dutse ko ya shiga jirgi ba.

Tsohon garin yana bisa wani ɗan tsibiri ne mai kamar faifai, a ƙuryar wani lungun teku. Daga babban teku wani siririn mashigi ya ratso cikin ƙasa, tsawonsa ya fi mil biyu, sa'an nan ya buɗe ya zama kamar tafki, tsibirin na zaune a tsakiya. Zagayensa duka wajen mil guda ne, ƙasa kuwa shimfiɗe take, babu hawa babu gangara, tsoho mai sanda ma zai gama shi cikin sa'a ɗaya in bai tsaya kallo ba. Sai dai ba mai iya zagaya shi bai tsaya ba.

An fi jin daɗin fara tafiyar bayan sallar asuba, daga ɓangaren garin da ke kan tudu, wanda ake kira Algaif, inda mutane ke zaune har yanzu. A nan ne ƙofar Kitchener take, ragowar ganuwar da aka yi cikin 1886 sa'ad da Usman Digna, babban jarumin Mahadi a gabashin Sudan, ya hana Turawa da Misirawa sakat a wannan yanki. Shi Usman Digna ɗan garin ne, fatake ne iyayensa, kuma mayaƙansa ne suka yi wa Kitchener rauni a muƙamuƙi a Handub cikin 1888. A bakin kasuwa Hadandawa ne ke zaune da fararen riguna da 'yar shara a sama, suna shan gahawar da suke kira jabana, wadda ake dafawa da citta cikin wata 'yar butar yumɓu mai dogon wuya. Ba-Suleje, wanda ya taso a garin da Ladi Kwali ta yi suna da ginin tukwane, ba zai wuce wannan buta bai ɗauka ya jujjuya ta ba.

Daga nan sai a bi wata gajeriyar hanya da aka cike ruwa aka yi a zamanin Gordon, wajen 1877, a shiga tsibirin ta ƙofarsa. Kafin a yi ta sai da kwalekwale ake shiga. Ibn Batuta, wanda ya biyo ta nan wajen 1330, ya tarar da tsibirin babu ruwan sha, babu shuka, a jirgi ake kawo ruwa, amma duk da haka ga sarki ga fatake, domin tashar jirgi mai lafiya kamar wannan ba ta da yawa a gaɓar. Turkawa sun karɓe ta bayan sun ci Masar cikin 1517, suka riƙe ta ɗaruruwan shekaru, sa'an nan cikin 1865 suka miƙa ta ga Misirawa. Hauren giwa da ƙaro da zinariya da gashin jimina suna fita ta nan, bayi ma haka, abin da bai kamata a ɓoye ba. Tufafi da turare da kayan yaji na Hindu suna shigowa.

Abin da ido zai fara cin karo da shi bayan ƙofar shi ne tuddan farin dutse, tuli bayan tuli, kamar an rushe gari jiya. Can da can sai a ga bango guda tsaye shi kaɗai, mai hawa biyu ko uku, da ramukan tagogi sama na leƙowa ta ciki. Waɗannan su ne gidajen attajiran Sawakin, waɗanda aka gina irin na tsohuwar Jidda, da manyan tagogin katako masu sassaƙa da ake kira roshan, inda matan gida ke zama su sha iska su ga titi ba a gan su ba. Wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna su ya zana su tun suna tsaye, littafinsa ya fito cikin 1976, kuma yawancin abin da ya zana yanzu a takarda kaɗai ya rage. Masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, su ne suka tsira da kamanninsu, don hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara su tare da gidan kwastan, kafin shugaba Erdogan ya ziyarci wurin a watan Disamba na 2017. Gyaran ya yi fari fat, har wasu na ganin ya yi sabunta da yawa a tsakiyar kufai, amma ko ba kome ana iya shiga a yi salla ba tsoron rufi ya faɗo.

Kyanwoyi kuwa sun fi mutane yawa a tsibirin. Mutanen garin suna faɗin cewa Annabi Sulaimanu a nan ya ɗaure aljannu, wai daga nan ma sunan ya samo asali, kuma wai waɗansu kyanwoyin ba kyanwoyi ba ne. Malaman tarihi ba su karɓi wannan fassara ba, sai dai baƙo mai hankali ba ya korarsu, ko don ganin idon masu gari.

Inda ya kamata mai tafiya ya fi daɗewa shi ne gindin kowane rusasshen bango. In ya ɗauki dutse guda ya duba, zai ji ya fi na Zuma sauƙi nesa ba kusa ba, zai kuma ga jikinsa duk 'yan ramuka ne jere da juna, wani kamar saƙar zuma, wani kamar taurari, wani kuma layi-layi a murɗe kamar ƙwaƙwalwar rago. Wannan shi ne dutsen murjani. Matan Hausa sun san murjani a wuya da hannu, sun kuma ji an ambace shi tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman, amma shi jan murjanin ado yawancinsa daga Bahar Rum yake zuwa. Wannan ɗan'uwansa ne fari, mai yin tudu a cikin teku. Daga cikin ruwan nan aka fasa shi aka sassaƙa, aka ƙona waninsa ya zama farar ƙasar shafe. Yana da sanyi a ɗaki, yana da sauƙin sara, illarsa ɗaya ce: yana shan ruwa. Muddin ana shafe shi a kai a kai zai yi shekaru ɗaruruwa, ranar da aka daina kuwa ya fara mutuwa. Ga shi a wannan gaɓa ruwan sama da sanyin hunturu yake zuwa, daga Nuwamba zuwa Janairu, daidai lokacin da ƙura ta rufe Kano.

Dalilin daina shafen kuwa yana can bakin mashigi. Bayan an buɗe mashigin Suwes cikin 1869 jiragen tururi suka yi ta ƙaruwa suna ƙara girma, hanyar shiga Sawakin kuwa siririya ce, murjani ya tsare ta dama da hagu, kullum kuma ƙara tsiro yake yi. Ingilishi suka duba suka ga gyaranta ya fi gina sabuwa tsada, sai cikin 1905 suka fara aikin wata tasha a arewa, a wurin da ake kira Shaihu Bargut, aka buɗe ta cikin 1909 da sunan Bur Sudan. Fatake suka bi jirage, ofisoshin gwamnati suka bi fatake, kafin shekarun 1920 su ƙare gidajen sun zama na jemagu. Alhazai kaɗai aka bar wa garin, su ma da jirgin sama ya fara ɗiba daga Kano a shekarun 1950 sai ayarin ƙasa ya yi ta raguwa.

Wanda ya gama da matattun duwatsu sai ya nemi masu rai. Ruwan da ke kewaye da tsibirin kansa ba shi ne abin nema ba, don kwalekwalen masunta da dattin gari sun dame shi, gefen sabuwar tashar Usman Digna kuwa, wadda aka buɗe cikin 1991, wurin jami'an tsaro ne, ba a yawo a can sai da izini. Abin yi shi ne a samu masunci ɗan gari a yi jinga da shi, ya ja gaba a bi gaɓa zuwa inda ya san ruwa na da tsabta. Tafiya ce a kan farin rairayi da busasshen murjani, tsaunukan Bahar Maliya na can yamma shuɗi-shuɗi, raƙuma na kiwo a cikin ciyawar gishiri, ƙaguwa na gudu a karkace suna faɗawa ramukansu. Takalmi mai tauri wajibi ne, ruwan sha kuma a ɗauki fiye da yadda ake zato. Daga Yuni zuwa Satumba zafi kan wuce awo 40, wannan tafiya ba ta yiwuwa sai da sassafe. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sai hamdala.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai tabarau mai bakin roba wanda ke rufe ido da hanci, akwai bututun numfashi mai lanƙwasa wanda ake cizawa a baki, ɗaya bakin nasa na sama da ruwa, sai kuma takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa ga wanda ya samu. Ba nutso ake yi ba, kwanciya ake yi a kan ruwa, fuska a ciki, ana numfashi ta baki. Wanda bai iya iyo ba ya sa rigar da ke hana nitsewa, kada kuma ya shiga shi kaɗai ko da ya iya. Ruwan ma da kansa yana taimako, domin gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali na sauran manyan tekuna 35 ne, jiki kuwa ya fi tasowa a ruwa mai gishiri. Riga da dogon wando ba sa hana kome, sun ma fi, don suna rufe al'aura suna kuma tsare baya daga rana, wadda kan gasa mutum bai sani ba yana can yana kallo.

Da farko ruwan iyakar gwiwa ne, a kan wani faffaɗan dandamali na dutse da rairayi, babu abin gani sai ciyawa da 'yan ƙananan kifaye masu launin ƙasa. Baƙo har ya fara cewa an yi masa zuƙi ta malle. Sa'an nan sai dandamalin ya ƙare farat ɗaya, ƙasa ta zurma, ruwa ya koma shuɗi kamar an zuba baba, ga bango a tsaye ƙarƙashinsa cike da abin da ya gani ɗazu a kufai, amma yanzu da ransa. Mai saƙar zuman nan ga shi ruwan ƙasa-ƙasa da kore, mai kamar ƙwaƙwalwa ga shi ƙato kamar rumbu, ga wani mai rassa kamar ƙahon barewa da shuɗin baki, ga wani shimfiɗe kamar tebur da kifaye a fake a inuwarsa. Kowane ɗan rami da ya gani a dutsen bango ashe ɗakin wata 'yar halitta ce mai taushi, wadda sau da yawa ba ta fi ƙwayar gero ko ta dawa ba, tana tsotso alli daga ruwan teku tana gina wa kanta mazauni, 'ya'ya su gina a kan na iyaye. Irin manyan nan masu kamar rumbu ba su fi ƙaruwar santimita guda a shekara ba. Dutsen da magini ya sara cikin rabin sa'a ya ɗora a bangon wani attajiri, watakila ya girmi kakan attajirin.

Abin da ya sa ruwan ya yi garau haka shi ne babu wani kogi mai gudu dukan shekara da ke zuba a Bahar Maliya, saboda haka babu laka. Murjani kuwa ba ya son laka, ba ya son ruwan daɗi, haske yake so, domin a cikin naman jikinsa akwai wani ɗan tsiro da ido ba ya gani, wanda ke yi masa abinci da hasken rana, shi ne kuma ke ba shi launi. Masana da yawa suna ganin irin waɗannan lungunan teku, waɗanda Larabawa ke kira marsa, bakunan tsofaffin ƙoramu ne da suka yanka gaɓa tun zamanin da teku ke ƙasa da inda yake yau. In haka ne, ruwan tudu ne ya buɗe wa Sawakin ƙofa, na teku kuma yake ta ƙoƙarin rufe ta.

Kifayen kam sai wanda ya gani. An ƙidaya fiye da iri 1,000 a wannan teku, da dama daga cikinsu ba a samunsu a ko'ina sai nan. Akwai rawaya mai faɗi kamar ganye wanda kullum biyu-biyu suke tafiya, miji da mata. Akwai kore da shuɗi mai baki kamar na aku, wanda ke gatsar dutsen yana taunawa, har ana jin ƙarar haƙoransa a cikin ruwa, ƙurus ƙurus, ya fitar da shi ta baya ya zama rairayi. Wani kaso na farin rairayin da aka tako a gaɓa aikinsa ne. Akwai wani ɗan siriri mai baƙin layi wanda sana'arsa wanzanci ce: yana da wurin zamansa, manyan kifaye na zuwa su tsaya cik su buɗe baki, ya shiga ya tsince musu ƙwari ya fito lafiya, wani na baya na jiran layi. Mutum ya kalli wannan na minti biyar sai ya manta da bututun da ke bakinsa.

Sai dai wurin yana da nasa ƙa'idodin. Bushiyar teku, baƙa mai dogayen ƙayoyi, tana cikin kowane lungu, ƙayarta kuwa karyewa take yi a cikin nama. Akwai kifin da ke kwanciya a ƙasa ba a bambanta shi da dutse, dafin ƙayar bayansa na iya kai mutum asibiti ko ma fiye. Akwai wani mai kama da murjani, ruwan ƙwai da farin baki, wanda taɓa shi kamar taɓa garwashi ne. Dokar duka ɗaya ce, masunta ma ita suke faɗa wa baƙo: a duba da ido, hannu a jiki, ƙafa kuma kada ta sauka sai a kan rairayi. Wannan doka ta kare mutum, ta kuma kare murjanin, don taku ɗaya na iya karya ginin shekara ashirin.

Turawa sun daɗe da sanin darajar wannan gaɓa. Cikin 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a Sha'ab Rumi, arewa da Bur Sudan, mutanensa suka yi wata guda a ciki. Kusa da tashar kuma jirgin Italiya mai suna Umbria na kwance tun watan Yuni na 1940, da bama-bamai 360,000 a cikinsa, matuƙansa ne suka nutsar da shi don kada Ingilishi su ƙwace. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa Sanganeb da Dungunab cikin wuraren gadon duniya. Waɗannan duk sai da jirgi da tukunyar iska a baya ake zuwa, ga kuɗi. Na bakin gaɓa kuwa talaka ma na iya gani.

Ko zai daɗe yana ganuwa, wannan ita ce maganar. In ruwa ya yi zafi fiye da kima na makonni, murjani kan kori ɗan tsiron nan da ke jikinsa, ya koma fari fat, in zafin bai sauka ba ya mutu da yunwa. Na Bahar Maliya ya fi na wurare da yawa jure zafi, amma cikin 2023 da 2024, sa'ad da wannan annoba ta game tekunan duniya, shi ma ta taɓa shi. Ga kuma abin da mutane ke jawowa: a watan Yuni na 2022 wani jirgi da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa ya nutse a tashar Sawakin da tumaki sama da 15,000. Bayan wannan sai yaƙi ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu, 2023, gwamnati ta ƙaura zuwa Bur Sudan, gaɓar ta cika da masu gudun hijira, har ɗaliban Nijeriya da dama ta filin jirgin saman garin aka kwaso su a watan Mayu na shekarar. Cikin Mayu na 2025 jirage marasa matuƙa suka kai wa Bur Sudan ɗin hari. Masu zuwa kallon kifi suka ɗauke ƙafa, aikin adana kufai ya koma baya, don wanda ke neman abin da zai ci ba ya shafen bangon da ba kowa a ciki. Duk mai niyyar wannan tafiya sai ya bincika halin da ƙasar ke ciki tukuna, ya kuma yi haƙuri in an ce ya dakata.

Wanda ya samu zuwa, in ya fito daga ruwa gishiri ya bushe fari a fatarsa, hanyar komawa ta kan biyo da shi ta gaban tsibirin da la'asar sakaliya, lokacin da rana ke bugun kufan daga yamma su koma ruwan zuma. A bakin hanyar shiga masu soya kifi sun hura wuta, kyanwoyi sun kewaye su. In ya yi gaisuwa da Hausa a kasuwar Algaif, ba abin mamaki ba ne wani dattijo ya ɗago kai ya amsa, da Hausar da ta sha Larabci, ya tambaye shi daga wane gari. Can a mashigi kuma jirgin Jidda ne ke fita a hankali, yana bin tsakiyar hanya tsakanin alamun da aka kafa dama da hagu don kada ya hau murjani, fasinja sun jeru a bisa bene suna duban gabas.